SHARHI: GWAJIN JINI BA ZAI KASHE WA KOWA TABA BA

Duk wanda ya taɓa yi wa mashayin taba nasiha a Lokuwa, ko a wajen mai shayi ko a bakin tashar mota cikin garin Mubi, ya san amsar da ake ba shi. Sai a ce masa ai kakan wane ya sha taba har ya kai casa'in bai taɓa kwanciya asibiti ba, saboda haka jinin gidansu mai ƙarfi ne. Wannan magana tsohuwa ce, amma yanzu masana kimiyya a ƙasashen Turai da Amurka sun auna ta, suna gwada jinin mutum ko yawunsa don su ga ko ya gaji ƙwayoyin halitta masu ƙara haɗarin sankarar huhu. Abin da suka gani ya kamata jama'armu su ji shi tun kafin 'yan kasuwa su shigo da wannan gwaji su soma tallarsa.

Lalle akwai gado a cikin al'amarin. Akwai wata ƙwayar halitta da ake kira GSTM1, wadda take taimakon jiki wajen karya wasu dafin da ke cikin hayaƙi, kuma kusan rabin Turawa ba su da ita. A shekarar 2008 ma, ƙungiyoyin bincike uku sun gano wani wuri a cikin ƙwayoyin gado wanda yake da nasaba da yawan zuƙar taba da kuma sankarar huhu. To, amma ƙarin haɗarin da waɗannan suke kawowa kaɗan ne ƙwarai in an gwada shi da ita tabar kanta, domin mai shan sigari ya fi wanda ba ya sha kusantar wannan ciwo sau 15 zuwa 30.

Sa'an nan sai likitoci suka yi tunanin cewa in aka nuna wa mutum sakamakonsa a rubuce, tsoro zai sa ya jefar da taba. An gwada. A jihar North Carolina ta Amurka an ɗauki mashaya 557, baƙaƙen fata masu ƙaramin ƙarfi, aka yi wa wasunsu gwajin GSTM1 tare da ba su shawara ta waya, aka buga sakamakon a 2002. Bayan wata shida waɗanda aka gwada sun fi sauran daina sha, amma da shekara ta zagayo bambancin ya gushe, kuma wanda aka ce masa haɗarinsa babba ne bai fi ɗan'uwansa dainawa ba. A 2016 masana na Jami'ar Kembirij ta Ingila suka tattara bincike 18 game da sanar da mutane haɗarin da suka gada na cututtuka iri iri, suka tarar labarin bai canja halinsu ba, ko wajen taba, ko abinci, ko motsa jiki.

Wannan bai ba mu mamaki ba. Wanda ya kai shekara ashirin yana kunna kara da asuba kafin ya karya kumallo, ba rashin sani ne ya riƙe shi ba, sinadarin nikotin ne. Takardar likita ba ta raba mutum da abin da jikinsa ya saba da shi dare ɗaya.

Tsoron da muke yi game da mutanenmu na dabam ne. Jama'a sun riga sun saba da gwajin jini kafin aure saboda ciwon sikila, inda ake gaya wa mutum shi AA ne, ko AS, ko SS, magana ɗaya yankakkiya. Idan gobe wani ɗakin gwaji ya kafa allo ya ce yana auna sankarar huhu, da wannan ido za a dube shi, wanda aka ce haɗarinsa kaɗan ne ya ɗauka an ba shi lasin. Alhali kuwa gwajin ba ya wanke kowa. Ko da huhun ya tsira daga sankara, taba tana nan tana cin zuciya da hanyoyin jini, tana haddasa shanyewar ɓarin jiki, tana ƙara wa tarin fuka ƙarfi. Banda haka, galibin binciken nan a kan Turawa aka yi shi, kuma nau'in gadon da aka fi dogara da shi daga binciken 2008 ba shi da yawa a jinin mutanen Afirka. Ke nan talaka zai biya kuɗi masu yawa a auna shi da mudun da ba don shi aka yi ba.

Abin da ke tabbatacce an san shi tuntuni. Binciken da Richard Doll ya fara a kan likitocin Ingila a 1951, aka bi su shekara 50, ya nuna taba tana kashe kimanin rabin waɗanda suka dawwama a kanta. Ya kuma nuna wanda ya daina yana ɗan shekara 30 ya ceto wa kansa kusan shekara 10 na rayuwa, mai 40 shekara 9, mai 50 shekara 6, har mai 60 ma yana samun 3. Wannan lissafi bai tambayi kowa jinin gidansu ba.

Doka ma ba mu rasa ta ba. Tun zamanin soja aka yi Doka ta 20 ta 1990 wadda ta hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a. A 2015 aka sa hannu a kan Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa, aka fitar da ƙa'idojinta a 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali guda. Amma a je teburin mai taba a kowace unguwa a gani: kwali a buɗe, ashana a gefe, babba ya aiki yaro ya sayo masa kara biyu. Ta nan ɗan makaranta yake koyo, domin wanda ba shi da kuɗin kwali ba ya rasa kuɗin kara ɗaya. A gari irin Mubi, mai Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, ga babbar kasuwar shanu da ke tara baƙi har daga Kamaru, matasan da abin ya shafa ba kaɗan ba ne.

Saboda haka muna kira ga Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa da ta tura duba-gari su zagaya masu tebur, da farko su karanta musu dokar cikin Hausa da Fulatanci, daga baya a hukunta mai taurin kai. Ma'aikatar Lafiya ta Jiha kuma ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambayar kowane majinyaci ko yana shan taba, su zauna da mai son dainawa, su sa masa ranar dawowa. Mashayin da ya daɗe yana tari, ko ya ga jini a majinarsa, ko yake ramewa, a kai shi a ɗauki hoton ƙirjinsa, kuma in an ba shi maganin tarin fuka bai ji sauƙi ba, a tura shi Yola a sake bincike ba tare da ɓata lokaci ba.