Manoman Joda, shahidan da aka bari da adadi



Duk wanda ya zauna Khartum a 2019 ya ga yadda matasa suka cika bangaye da zanen fuskokin shahidansu. Ahmad al-Khair, malamin makaranta a Khashm al-Girba, ya rasu a hannun jami'an tsaro, kotu ta zauna a Omdurman ta yanke wa mutum 29 hukuncin kisa. Sojoji sun kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ranar 25 ga Oktoba 2021, fatan mulkin farar hula ya sha ruwa, amma sunan malamin yana bakin mutane.

To, akwai waɗanda suka riga shi da shekara 63. A Fabrairun 1956, ko wata biyu ba a yi da samun 'yanci ba, manoman auduga na gandun Joda, kusa da Kosti, suka ce ba za su miƙa audugarsu ba sai an biya su haƙƙinsu. Aka yi arangama da 'yan sanda, aka kwashe su aka cusa a ɗaki ɗaya a barikin Kosti, aka kulle ƙofa. Ba ruwa, ba iska. Kafin gari ya waye kusan mutum 200 sun cika. Lokacin Isma'il al-Azhari ne firaminista.

Waɗannan bayin Allah ba kujera suka nema ba, lissafi suka nema. Mu 'yan kasuwa mun san zafin a karɓi kayanka a ce ka dawo baɗi. Amma zaga kasuwa ka tambaya, da wuya ka samu mai faɗa maka sunan ko mutum ɗaya cikinsu. Malami yana da abokan aiki masu alƙalami. Manomi kuwa sai matarsa da marayunsa.

Yanzu yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya watsa mu, wasu Port Sudan, wasu Masar, wasu Kano. Kowane gida da wanda ya rasa. Alhaji, Hajiya, ku samo littafi irin na bashi, ku sa yaro ya rubuta: sunan mamacin, sunan mahaifinsa, sana'arsa, rana da wurin da ya faɗi. Ranar da shari'a za ta zauna, suna za ta nema.

Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta.