Binciken ƙwaƙwaf ta intanet: Yadda ake zaɓen manhajar da ta dace da aikin

A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu a shafukan sada zumunta, inda aka ga wasu maza cikin kakin soja sun tasa ƙeyar mata biyu da ƙananan yara biyu zuwa gefen hanya, suka harbe su. Gwamnatin Kamaru ta ce labarin bogi ne, wasu kuma suka ce a Mali aka ɗauki bidiyon.

Bayan wata biyu, sashen BBC Africa Eye, da taimakon Amnesty International da masu bincike masu alaƙa da Bellingcat, ya bayyana inda abin ya faru da lokacinsa da waɗanda ake zargi. Akasarin aikin a gaban kwamfuta aka yi shi.

Sun kwatanta zubin tsaunin da ke cikin bidiyon da hotunan Google Earth, abin da ya kai su kusa da garin Zelevet a Arewa Mai Nisa, dab da iyakar Najeriya. Gine-ginen da ke cikin tsoffin hotunan tauraron ɗan'adam da inuwar sojojin sun nuna cewa tsakanin Maris da Afrilun 2015 aka yi kisan. Bindigar Zastava M21 da aka gani kuma tana cikin makaman sojojin Kamaru. A Satumban 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara 10 kowanne.

Irin wannan aiki shi ake kira OSINT, wato bincike da bayanan da kowa zai iya samu a fili. Abin lura a binciken na Kamaru shi ne kowace tambaya da manhajar da ta amsa ta. Tambayar da ke gaban mai bincike ita ke faɗa masa kayan aikin da zai ɗauko.

Kowace manhaja da iyakarta

Idan tambayar ita ce "tsohon hoto ne ko sabo?", ana komawa ga Google Lens ko TinEye ko Yandex, masu lalubo wuraren da hoto ya taɓa fitowa. Idan bidiyo ne, InVID na yanka shi zuwa hotuna domin a nemi kowanne daban.

Wannan matakin na iya ceton rai. Binciken BBC kan rikicin jihar Filato na Yunin 2018 ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyon da aka yaɗa a Facebook da sunan kisan yankin Gashish, a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012.

Sai dai waɗannan manhajoji ba sa ganin abin da ke yawo a zaurukan WhatsApp, inda jita-jita ta fi gudu a ƙasar Hausa. Don haka rashin samun hoto a cikinsu ba hujja ba ce ta cewa sabo ne. WhatsApp kuma na goge bayanan wuri da lokaci da wayar ta liƙa wa hoto idan aka tura shi yadda aka saba.

Idan tambayar ita ce "a ina?", akwai zaɓi fiye da ɗaya. Google Earth na nuna gida da bishiya tar, amma hoton ƙauye kan iya zama na shekarun baya. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai na ɗauko sabon hoto kusan duk kwana biyar, kyauta, sai dai kowane ɗigo a hoton mita 10 ne a ƙasa. Zai nuna ambaliya ko babbar gobara, amma ba zai nuna mutum ko babur ba.

Taswirar FIRMS ta hukumar NASA na nuna inda wuta ta tashi. Ba ta bambanta ƙauyen da 'yan bindiga suka cinna wa wuta da dajin da mafarauta suka ƙona a lokacin hunturu. Wanda ya dogara da ita kaɗai zai iya sanar da harin da ba a kai ba.

Manhajoji na mutuwa

Wata matsalar ita ce kayan aikin ba su da tabbas. Facebook ya kashe Graph Search a 2019. A 2023 Twitter, wanda ya koma X, ya sanya kuɗi kan hanyar da masu bincike ke ɗibar bayanai kyauta. A ranar 14 ga Agustan 2024 kamfanin Meta ya rufe CrowdTangle, manhajar da masu tantance labarai ke bibiyar yaɗuwar saƙonni da ita. Wadda ta maye gurbinta sai an nemi izini, kuma ba kowane ɗan jarida ake ba ba.

Wannan ya sa jerin manhajojin da aka koyar a wajen bita shekara biyu baya kan cika da waɗanda suka daina aiki. A 2024 Bellingcat, wadda Eliot Higgins ya kafa a 2014, ta fitar da sabon kundin kayan bincike da ke bayyana aikin kowace manhaja da kuɗinta da wahalar sarrafa ta da inda take gazawa.

Ita ma shaidar kan ɓace. A 2017 YouTube ya sauke dubban bidiyon yaƙin Siriya bayan na'urorinsa sun ɗauke su a matsayin farfagandar ta'addanci. Shi ya sa ƙwararru ke fara adana kwafin bidiyo da adireshinsa da lokacin da suka gan shi, su kuma ajiye shafin a Wayback Machine, kafin su taɓa komai. Ƙa'idojin Berkeley da ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da haɗin gwiwar Jami'ar California a 2020 sun ba wannan matakin muhimmanci, domin shaidar ta karɓu a kotu.

Abin da na'ura ba ta sani ba

Yawancin manhajojin nan da Ingilishi aka gina su. Suna tuntuɓe a kan saƙon murya na Hausa, da sunan garin da ake rubutawa iri uku. Mai jin harshen kuwa zai iya bambanta karin Sakkwato da na Damagaram, ya gane lambar motar Nijar, ya san cewa ciyawa kore shar ba ta watan Fabrairu ba ce. A nan kafofi irin su Dubawa da HumAngle ke da fifiko kan mai bincike daga nesa.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula lamarin, domin manhajojin da ke iƙirarin gano hoton bogi su ma suna kuskure. Amsarsu alama ce kawai, sai an nemi wata hujja ta daban.

Ga ɗan jarida ko mai waya da bidiyo ya faɗo masa, tambayoyi uku sun isa farawa: me nake son tabbatarwa, me wannan manhajar ba ta iya gani, kuma wace hanya ta biyu ce za ta gaskata amsar? Idan hanyoyin biyu suka saɓa, bidiyon bai kai a tura shi gaba ba.