Yawan Ambato Ba Shi Ne Gaskiyar Bincike Ba

Kafin in gabatar da baƙo masani a rediyo, akan miƙo mini takarda: ya wallafa maƙala kaza, an ambace shi sau kaza. Na daina karanta wa masu saurare waɗannan alƙaluma.

Katalin Karikó ta daɗe tana bincike kan mRNA, amma jami'ar Pennsylvania ta rage mata matsayi a 1995 saboda rashin tallafin bincike. Maƙalarsu da Drew Weissman a mujallar Immunity a 2005 ba ta ja hankali ba a lokacin. Ita ce ta share hanyar allurar rigakafin korona, suka karɓi kyautar Nobel a 2023.

Maƙalar Sylvain Lesné kan cutar Alzheimer kuwa, wadda Nature ta buga a 2006, an ambace ta fiye da sau 2,000. A 2024 aka janye ta saboda an taɓa hotunan gwaji.

Ma'aunin h-index da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005 yana ƙirga masu ambatonka ne kawai, ba ya tambayar ko gaskiya ka rubuta. Jami'ar da ke ƙara wa malami girma da shi, ta fara zaunawa ta karanta aikinsa tukuna.