Kai Mai Korar Koci daga Kan Kujerar Ofis

Ranar wata Litinin na raka gwaggona wani ofishi inda ake tantance 'yan fansho. Shekara 35 ta yi tana koyarwa a firamare, yanzu gwiwa ta ƙi, sai da sanda take takawa. Ana idar da sallar asuba muka baro gida, ƙarfe 8 ta yi mana a kan bencin ƙofar ofis tare da tsofaffi kusan 20, kowa da takardunsa a ƙunshe cikin leda. Ma'aikacin da zai duba su bai shigo ba sai 9 da rabi. Ya jefa makullin babur a kan tebur, ko kallon bencin bai yi ba balle ya ce sannunku, ya juya wajen abokin aikinsa ya ce, "Ka ga abin da mutumin nan ya yi mana jiya? Wallahi da ni ne mai kulob ɗin, ba zai kwana a kujerar nan ba." Nan fa aka kafa majalisa. Masinja ya kawo nasa, wani daga ofishin kusa ya leƙo ya dogare ƙofa, aka yi ta musu kan wanda ya kamata a cire bayan hutun rabin lokaci, da ko ƙwallo ta biyu satar gida ce. Ina duba agogo har aka cinye minti 50. Da wani dattijo ya miƙe ya ce, "Ɗana, a taimaka a duba mu, daga nesa muke," amsar da ya samu ita ce, "Baba, ka yi haƙuri mana, ai yanzu muka shigo."

Da kai nake, ma'aikacin nan, da duk mai irin halinka, ko a sakatariya yake, ko a ɗakin kati na asibiti, ko a garejin gyaran mota, ko a shagon ɗinki. Abin da ka yi cin amana ne. Awannin nan daga 8 zuwa 4 ka riga ka sayar da su, kuɗinsu kake karɓa a ƙarshen wata. Wanda ya sayar da buhun masara ya karɓi kuɗi, sannan ya zagaya yana ɗibar tiya-tiya daga ciki, kowa ya san sunan da ake kiransa a kasuwa.

Ni ma mai kallon ƙwallo ne. Na sha shiga filin Sani Abacha a Ƙofar Mata a shekarun da Kano Pillars ta ɗauki kofin lig sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, na kuma san irin daɗin da ke cikin musun bayan wasa. Musun yana da wurarensa: gidan kallo ranar Asabar, teburin mai shayi, dakalin ƙofar gida bayan isha. Can babu wanda ke zaune da yunwa yana jiran ka gama.

Tunda kuwa ƙwallo ka sani, zo mu yi magana da harshenta. A 2019 takardar tarar da koci Frank Lampard ya kafa wa 'yan wasan Chelsea ta fito fili. Wanda ya makara zuwa atisaye zai biya fam 20,000. Wanda ya makara zuwa taron 'yan wasa zai biya fam 500 a kan kowane minti. Wanda wayarsa ta yi ƙara ana cin abinci ko ana taro, fam 1,000. Makarar da ka yi a ranar nan minti 90 ce, tsawon wasa guda cur. A wannan ma'auni ana bin ka fam 45,000 tun kafin ka buɗe baki a kan koci. A watan Maris na 2021 koci Mikel Arteta ya zaunar da kyaftin ɗinsa Aubameyang a benci ranar karawa da Tottenham saboda makara, kafin shekarar ta fita ya karɓe kyaftin ɗin gaba ɗaya. A ƙarshen 2022 koci Erik ten Hag ya cire Rashford daga cikin masu fara wasa da Wolves domin barci ya kwashe shi ya makara zuwa taro, alhali a lokacin yaron yana kan ganiyarsa. Irinku ne kuka fi kowa yaba wa waɗannan hukunce-hukunce, kuna cewa haka ake riƙon ƙungiya, babu wanda ya fi ƙarfin doka. To me ya sa dokar ke tsayawa a bakin ƙofar ofishinka?

Dubi kuma mutanen da kake kora da baki kowace Litinin. Roberto Di Matteo ya ci wa Chelsea Kofin Zakarun Turai a watan Mayu na 2012, kofin da ba ta taɓa ɗauka ba, watan Nuwamba aka sallame shi. Claudio Ranieri ya ɗauki Leicester ya kai ta ga kofin Firimiya a 2016, abin da babu mai hankalin da ya yi tsammani, wata tara bayan haka ya tattara kayansa. A sana'arsu ko kofi ba ya hana kora idan aiki ya ja baya. Kai shekara nawa ka yi a kan kujerar nan, kuma me za ka nuna? Fayil nawa ya ɓace a hannunka? Mutum nawa ka ce wa "dawo gobe" ba don komai ba sai don hira ta yi daɗi? Laifi tudu ne, ka taka naka kana hango na wani da ke Landan, wanda bai san da zamanka a duniya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin yafiyarku. Sani Kaita, ɗanmu ne, yana da shekara 24 ya kai wa ɗan wasan Girka ƙafa a gasar cin kofin duniya ta 2010, aka ba shi jan kati, muka sha kashi 2 da 1. Fushin daƙiƙa guda ne, amma har barazanar kisa aka aika masa, kuma har yau idan aka ambaci sunansa a majalisa sai wani ya ja tsaki. Kwanaki kaɗan bayan haka Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga fayau a wasanmu da Koriya ta Kudu. Kowa na tuna wannan, ba kowa ke tuna cewa a wasan nan dai, 'yan mintoci bayan ɓarin, shi ne ya tsaya ya buga fenariti ta shiga ba. Su a gaban idon duniya suka yi kuskurensu, ana maimaita shi a talabijin har gobe. Kai naka a ɓoye yake cikin durowa. Lamba ɗaya ka rubuta ba daidai ba a asusun wata tsohuwa domin rabin hankalinka na kan waya, ita ce za ta yi wata uku ba ta ga kwabo ba, ta ci bashin mai shago, ta rage maganin hawan jini, kuma babu kyamarar da za ta nuna wa kowa hannunka.

Shi kansa ra'ayin da kake ɓata mana lokaci a kansa, na arha ne. Alex Ferguson ya kama aiki a Manchester United a watan Nuwamba na 1986, bai ɗauki kofi ko ɗaya ba sai 1990, bai ci lig ba sai 1993, ya kuma bar aiki a 2013 da kofin lig 13. Da shawarar irinku aka bi, da tun shekararsa ta biyu ya tafi. Ba ka je filin atisaye ba, ba ka san wanda ya kwana da ciwon cinya ba, ɗan wasa ya yi gudun kilomita 10 kana kishingiɗe ka kira shi rago. Kuma bakin da ya saba yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, ba ya tsayawa a ƙwallo. Gobe shi ne zai rubuta wa maƙwabci magani, jibi ya raba gardamar auren da bai ji ta bakin kowa ba.

Na san abin da za ka ce: albashin bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma sai wata ya raba kafin ya shigo. Gaskiya ne, kuma zalunci ne. Ka kai ƙararka wurin wanda ya riƙe maka haƙƙi, kuna da ƙungiyar ƙwadago, kuna da yajin aiki. Gwaggona ba ita ta riƙe albashinka ba; baitulmalin da ke wahalar da kai shi ke wahalar da ita, nan da 'yan shekaru ma kai ne a kan bencin nan da ledar takardu a cinya. 'Yan wasan lig ɗinmu na gida sun sha kwana a mota a kan hanya, suna bin bashin albashin watanni, su sauka su buga minti 90 ɗinsu. Ko da yake su ba ka cika kallonsu ba.

Ogan wurin ma ba zan ƙyale shi ba. Ina ji ina gani ya wuce ta gaban ƙofar, ya tsaya ya tambayi ci nawa aka tashi, ya yi dariya, ya shige ofishinsa ya rufe. Mai sa hannu a rajistar zuwa aiki ya san ƙarya ake rubutawa, shi ma ya san an sani. Kocin da ya ga 'yan wasansa na zaune a fili ana tsakiyar wasa ya tsaya taya su hira, da wane suna za ku kira shi ranar Litinin?

A ranar dai mutum bakwai aka duba kafin azahar. Aka fita salla, aka dawo aka ce na'ura ta daina aiki, sauran su dawo Laraba. Gwaggo ba ta ce uffan ba sai da muka shiga mota. Ta ce, "Yaron nan sa'an waɗanda na koya wa baƙi da wasali ne. Ban taɓa barin aji yana jira na ba." Sannan ta kwance bakin zanenta, ta shiga ƙirga abin da ya rage ko zai kai mu Laraba ya dawo da mu.