Hutun ƙarshen shekara: kafin mu nemi nesa, mu leƙa Majiya da duwatsun Keita



Ga Disamba ta kama, ɗari ya sauko, hatsi ya shiga rumbu. Nan da 'yan kwanaki za a rufe lakwal, ma'aikata ma su samu ɗan sarari. A irin wannan lokaci ne ake fara tambayar ina za a kai yara. Mai hali ya ce Yamai, wani ya ce Maraɗi ko Kano, wani kuma yana jiran bikin 18 ga Disamba ko kokowar takobi ya shiga taro. Ba mu ce laifi ba ne. Amma akwai wanda shekara ta gajiyar da shi, ƙarar kabu-kabu da ta salula sun cika masa kunne, abin da yake so kawai ya samu inda zai zauna ya ji kukan tsuntsu. Da shi muke magana yau. Wurin nan da yake nema yana nan bayan gidanmu, cikin Adar.

Mu fara da kwarin Majiya a ƙasar Buza. Duk wanda ya tsaya bisa dutsi da hantsi ya dubi ƙasa, zai ga layukan dogon yaro sun miƙe reras, tsakanin layi da layi kamar mita 100, gonaki na kwance a tsakiya. Itatuwan nan ba su fito da kansu ba. A 1975, bayan babban farin da ya kashe dabbobi ya kori mutane, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da manoman wurin suka fara dasa su wajen Garadume, don iska ta daina kwashe ƙasa tana binne shuka. Aka yi ta dasawa shekara da shekaru har layukan suka kai ɗaruruwan kilomita. Masana daga ƙasashe da dama sun zo sun gani sun rubuta. Mu da muke kusa, nawa ne cikinmu suka taɓa shimfiɗa tabarma a inuwar nan don hutawa kawai?

Daga Buza a hau hanyar Keita. A 1984, shekarar El Buhari, aka buɗe Froje Keita da kuɗin ƙasar Italiya, FAO na riƙe da aikin, PAM na ba da abinci a madadin lada. Maza da yawa sun tafi bida, don haka mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Su suka ɗauko duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tudu don tare ruwa, suka haƙa ramuka a fako inda ko ciyawa ba ta fita. An dasa itace wajen miliyan 18, an gina baraj-baraj da dama. Yau idan ka bi wajen Ibohaman, Garhanga ko Tamaske, za ka ga tudun da a da yake tsirara ya yi gashi, ka ga ruwa kwance a bayan baraj, balbela da zalɓe na kiwo a bakinsa. Da la'asar, in rana ta bugi jajayen duwatsun nan, wallahi ba ka bukatar wani ya gaya maka kana wuri mai kyau.

Wanda kuma ba ya son hawan dutsi, ga fadamar Tarka a ƙasar Madawa. Yanzu ne lokacinta. An dasa albasa, garake sun yi kore shar, alhali daji ya bushe. Gawo ma, da yake shi sai da rani yake ganye, ya buɗe inuwarsa. Ka yi sammako ka ga masu ban ruwa, ka sha hura mai sanyi, in za ka koma ka tsaya cikin gari ka sayi kilishi da tabarma. Kuɗin da za ka kashe bai kai na motar Yamai zuwa da dawowa ba, kuma a hannun ɗan uwanka zai faɗa.

To, me ya sa muka dage da wannan magana? Saboda ɗiyanmu. Yaron da aka haifa a Yamai, Abijan ko Legas ya san sunan 'yan ƙwallon Turai kaf, amma bai san kakarsa ce ta ɗauki dutsen da ya tare ruwan garinsu ba. Matan da suka yi aikin nan sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka rage suna nan zaune a ƙofar gida, ba mai tambayarsu. In ba mu kai yaran sun ji daga bakinsu yanzu ba, gobe wa zai ba su labari? Kuma mu gaya wa juna gaskiya, aikin yana lalacewa. Akwai layukan itace da gatari ya yi musu giɓi, akwai baraj da yashi ya cike, akwai jerin duwatsu da ruwa ya fasa ba a gyara ba. Abin da mutum bai taɓa gani ba, ba zai ji zafin ɓacewarsa ba. Gani ya kori ji.

Mun san abin da wasu za su ce. Za a ce yawon buɗe ido na Nasara ne da masu kuɗi, talaka ina ruwansa. Ai mu ma muna da namu tun kaka da kakanni, sunansa ziyara. Bambancin kawai, in ka je gaida dangi, kada ka ƙare kwana uku cikin zaure kana latsa salula. Ka ce wa ƙanenka ya raka ka bayan gari. Za a ce kuma babu otal. Gaskiya ne, ba kamar na birni ba. Amma wane ɗan Adar ne zai sauka Tama, Allakai ko Karofan ya rasa inda zai kwana?

Maganar da ba za mu yi wasa da ita ba ita ce ta tsaro. Kowa ya san halin da wasu garuruwan bakin iyaka da Najeriya suke ciki. Kada wanda ya ɗauki iyalinsa ya nufi daji don ya karanta wannan rubutu. A tambayi mutanen gari kafin a tashi, a sanar da maigari in an sauka, a bar tafiyar dare, a tsaya inda aka saba zuwa. In an ce kada a bi wata hanya, to a haƙura. Hutu ba ya fin rai.

Sai kuma ladabin wurin. In mun je neman shiru, kada mu kai hayaniyar da muka gudo. A bar manyan lasifika a gida. Ledar da muka zo da ita mu koma da ita, don akuyar wani ce za ta ci ta mutu. Kada a shiga garkar mutum ba sallama, kada a ɗauki hoton mata a bakin rijiya ba izini. Ciyawa ta bushe, wutar shayi a kashe ta sarai kafin a tashi. Yara kuma a ja musu kunne game da ruwan baraj, yana da zurfi da laka.

Ga hukumomin Madawa, Buza da Keita, roƙonmu ƙarami ne. Allo guda a bakin hanya mai faɗin shekarar da aka yi aiki da garuruwan da suka yi shi, da 'yan samari biyu ko uku da za su iya raka baƙo, ba za su cinye kasafin kuɗi ba. Malaman lakwal ma za su iya kai ɗalibai ko da sau ɗaya a shekara.

Wannan hutun dai, ko kwana biyu ne, mu ɗauki yara mu je. Mu zaunar da su gaban tsohuwar da ta yi aikin, su tambaye ta da bakinsu. Allah ya kai mu lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda suka dasa itacen da muke shan inuwarsa. Amin.