Kitse a hanta: sabuwar damuwar masu ɗauke da ƙwayar cutar sida

A da in an ambaci sida, abin da ke zuwa a zuciya shi ne rama. Yau lamarin ya sauya. Maganin rage kaifin cutar ya tsawaita rayuwa, mutane sun koma gona da kasuwa, jiki ya murmure. Sai dai tare da wannan alheri wata matsala ta ɓullo, wato taruwar kitse a cikin hanta, ko ga wanda bai taɓa shan giya ba.

Hanta ita ce matatar jiki. Duk abin da kuka ci da duk maganin da kuka sha ta wurinta yake bi. Idan kitse ya yi mata yawa tana iya kumbura, daga baya ta yi tabo, ta ƙandare. Abin tsoron shi ne ciwon yakan ɗauki shekaru bai nuna alama ba. Likita ne kaɗai ke gane shi, ta hanyar awon jini da hoton ciki.

Me ya sa ya fi barazana ga mai ɗauke da ƙwayar? Ita kanta ƙwayar tana hana jiki hutawa, ko da magani ya danne ta. Wasu tsofaffin magunguna, irin su stavudine da aka daina bayarwa, suna wahalar da hanta. A shekarar 2019 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa dolutegravir a sahun gaba. Magani ne mai kyau ƙwarai, amma wasu masu shansa, musamman mata, suna ƙara ƙiba. Ƙiba da ciwon sukari kuwa su ne manyan ƙofofin kitsen hanta.

To ina batun abinci ya shigo? Kun san yadda ƙarfe ke tsatsa in an bar shi cikin raɓa. Ƙananan sassan jikinmu ma suna fama da irin wannan lalacewa, kuma akwai sinadarai a cikin abinci masu rage ta. Ba sai an je kantin birni ba. Suna cikin zogale, da rama, da yakuwa, da alayyafo. Suna cikin tumatir, da karas, da albasar Galmi, da mangwaro, da gwaiba, da lemu, da ƴaƴan kuka. Gujiya da riɗi suna da bitamin E.

A nan ne ya kamata ku yi hattara. A shekarar 2020 an wallafa wani bincike daga Kanada: mutum 27 masu ɗauke da ƙwayar sun sha bitamin E na tsawon mako 24, awon hantarsu kuma ya gyaru. Labari ne mai daɗi, amma mutanen kaɗan ne, kuma likitoci na sa ido a kansu. Wannan bai ba kowa izinin sayen ƙwayoyi daga mai talla ba. Haka nan duk wanda ya ce yana da jiƙon da ke wanke hanta, kada ku ba shi kuɗinku, domin wasu jiƙe-jiƙen su ne ma ke ƙona ta.

A ganina, amfanin ganye yana bayyana ne sa'ad da ya kori wani abu daga akushi. Kwaɗon zogale a maimakon soye-soye, gwaiba a maimakon lemun kwalba. Zoɓo yana da kyau, amma in aka cika shi da sukari an yi gyara da ɓarna a kofi ɗaya. Shayin da ake sha zagaye uku a majalisa ma haka yake. Ku kuma zubar da gujiya ko masarar da ta yi fumfuna, saboda gubarta tana kai wa hanta hari kai tsaye.

Ga mai ƙiba, rage kilo 7 zuwa 10 cikin kowane kilo 100 na nauyinsa, a hankali, yana sauƙaƙa wa hanta sosai. Mai rama kuwa ba da shi ake ba, shi ƙarin abinci yake bukata. Ko mene ne halinku, kada ku dakatar da maganin sida ko na kwana ɗaya don tsoron ƙiba. In kun koma karɓar magani, ku nemi a auna nauyinku da sukarin jininku, a kuma duba muku ciwon hanta nau'in B.