Wahalar mai cafe ƙwallo a ƙananan gasannin besbol: darasi daga Travis d'Arnaud

Masu iya magana na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Sai dai ba kasafai ake tambayar wanda zai riƙa kawo itace ba kafin dutsen ya dahu. Wannan tambaya ce ke zuwa zuciyar duk wanda ya bi tarihin Travis d'Arnaud, ɗan wasan besbol na Amurka, wanda ya shafe shekaru shida a ƙananan gasanni yana fama da raunuka kafin ya taka babbar gasar MLB.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mai cafe ƙwallo shi ne wanda ke tsugunne a bayan mai bugu da kulki, yana karɓar ƙwallon da mai jifa ke wurgowa da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa guda. A wasa ɗaya yakan tsuguna ya miƙe fiye da sau ɗari. Shi ne ke nazarin abokan hamayya, ya yi wa mai jifa ishara da irin jifan da ya dace. Ƙwallon da ta kuɓuce wa kulki kuwa a jikinsa take sauka, ko a yatsa, ko a ƙafa, ko a kai. Saboda haka horar da shi yakan ɗauki lokaci fiye da na sauran 'yan wasa, kuma jikinsa kan riga nasu gajiya.

An haifi d'Arnaud a 1989 a Long Beach ta jihar Kalifoniya. Ƙungiyar Philadelphia Phillies ta ɗauke shi a 2007 yana gama sakandare, sannan a Disambar 2009 ta miƙa shi ga Toronto Blue Jays cikin cinikin fitaccen mai jifa Roy Halladay. A 2011 aka zaɓe shi gwarzon gasar Eastern League, mataki na biyu daga sama a ƙananan gasanni. Kowa ya ɗauka ƙiris ya rage. Ana cikin haka, a watan Yunin 2012, jijiyar gwiwarsa ta hagu ta yage a Las Vegas, kakar wasansa ta ƙare nan take. A Disambar wannan shekara aka sake musayarsa zuwa New York Mets cikin cinikin R.A. Dickey. A Afrilun 2013 ƙwallo ta karya masa ƙashi a ƙafa, sai a watan Agusta ya samu buga wasansa na farko a babbar gasa.

Hawansa sama bai raba shi da jinya ba. A 2014 ya samu buguwa a kai, aka kuma mayar da shi ƙaramar gasa na ɗan lokaci saboda bugunsa ya yi sanyi. A 2015 ya karye a hannu. A 2018 aka yi masa tiyatar jijiyar gwiwar hannu, wadda ake kira tiyatar Tommy John, ya rasa kusan kakar baki ɗaya. A Mayun 2019 Mets ta sallame shi.

Wanda ya kare wannan mataki yana da hujja, domin ƙungiya kasuwanci take yi, kuma ta jira shi shekaru shida. Amma abin da ya biyo baya ya nuna an yi gaggawa. Wanda aka yi wa irin wannan tiyata yakan buƙaci kusan shekara kafin ya dawo, ya kuma ƙara wasu watanni kafin hannunsa ya saba. An yanke masa hukunci ne bayan wasanni ƙalilan da dawowarsa. Watanni biyu bayan haka, sanye da rigar Tampa Bay Rays, ya buga ƙwallo ta fice daga fili har sau uku a wasa guda da New York Yankees. A 2020 ya karɓi kyautar Silver Slugger a Atlanta Braves, a 2021 ya ɗauki kofin World Series da ita duk da yagewar jijiyar babban yatsa da ta zaunar da shi kimanin watanni uku, a 2022 kuma aka zaɓe shi cikin taurarin gasar.

Da yawa za su ce ai wannan labari ne na jajircewa, kuma gaskiyarsu. Ni dai a ganina akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. An yi haƙuri da d'Arnaud a ƙananan gasanni ne domin an zuba dukiya a kansa, har sau biyu ana ba da zakaran mai jifa a karɓo shi tare da wasu. Yaron da aka ɗauka da ɗan kuɗi kaɗan, idan gwiwarsa ta yage, abu ne mai sauƙi a sallame shi a ɗauki wani. Ba mu san sunayen irin waɗannan ba, domin ba su kai inda za a san su ba.

Dubi yadda aka riƙe su. A 2018 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta cire 'yan ƙananan gasanni daga kariyar mafi ƙarancin albashi da kuɗin aikin ƙarin lokaci. A 2020 aka soke kakarsu saboda annobar korona, a 2021 aka rage ƙungiyoyin zuwa 120. Sai a 2022 aka wajabta wa ƙungiyoyi ba mafi yawansu masauki, aka sasanta ƙarar da suka shigar kan albashi a kan dala miliyan 185, suka kuma shiga ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa. Yarjejeniyar farko ta 2023 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin matakin ƙoli daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara. Wato kafin nan, matashin da jikinsa ne jarinsa yana kwana a cunkushe, yana cin abin da ya samu, sannan a yi mamakin jinyarsa ta ƙi ƙarewa.

Hukumomin wasan sun nuna suna iya gyara idan sun so. Bayan da aka yi karo da Buster Posey a 2011 ƙafarsa ta karye, an kafa doka a 2014 mai taƙaita bangazar mai cafe ƙwallo. To amma Posey tauraro ne, miliyoyin mutane sun ga faɗuwarsa a talabijin. Abin da ya rage shi ne a ba yaron da ya ji rauni a ƙaramin fili, gaban 'yan kallo ƙalilan, cikakken magani da isasshen lokacin murmurewa kafin a yanke hukunci a kan makomarsa. Ƙungiyar da ta yi haka ba sadaka ta yi ba, domin mai cafe ƙwallo da ya ƙware abu ne mai wuyar samu, kuma Atlanta ce ta girbi abin da wasu suka shuka suka kasa jira.